Waƙar Bakin Ƙofa

Shafi na 12

Masu turo saƙo kuna cewa a rage zancen teku a koma kan tafiya, an ji. Sai dai mutumin da bai taɓa ganin teku ba, dole ta riƙa faɗo masa a rai. Mu je.

*

Rediyon na kan cinyar Baba Wilfred, tafin hannunsa a kan lasifikar, yana ɗan gyaɗa kai.

Duk wanda ya san shi a Nasarawa ya san zamansa: baya jingine da bango, fuska na kallon ƙofa. Ko a coci bencin gaba yake zama, daidai bakin fasto. Mutane na cewa tsabar ibada ce.

Yau kam jaka ta sa ya karya dokar kansa. Ya zauna a bakin gado ya ba ƙofa baya, yana kallon Gana-mas-go ɗin da ya cika, ya zazzage, ya sake cikawa. Mako mai zuwa ne tafiyar. Daga nan Legas, daga Legas Kwatano, Lome, sannan Accra, inda 'yarsa Hadassah za ta hau dandamali da makaɗanta a gaban jama'ar da suka sayi tikiti don su ji muryarta. Shekaru sun yi nisa rabon da ta tako gidan nan. Ita da kanta ta kira ta ce ya zo.

An ce masa a Lome mota na bin gefen teku. An ce teku na da ƙugi irin na ɗakin saƙa in duk injuna sun tashi. Yana cikin tunanin ko kifayen da ke ƙarƙashin wannan ƙugi suna jin junansu, sai hannu ya sauka a kafaɗarsa.

Ya zabura.

Vicky ce, matar ɗansa Derrick, wadda aka shirya za ta raka shi tafiyar. Kular abinci na hannunta. Ba ta yi murmushi ba.

Ya kafe bakinta da ido, kamar kullum.

"Baba."

"A'a, 'yata, yaushe kika shigo? Waƙar nan ce ta ɗauke mini hankali."

"Wace waƙa?"

"Ta rediyo mana."

Ta ajiye kular a ƙasa a hankali.

"Babu waƙa, Baba. Allurar ta goce daga tasha. Shuuu kawai yake yi, tun daga bakin famfo nake jin sa. Na yi sallama. Na buga ƙofa. Na tsaya a bayanka ina kiran sunanka har maƙwabciyarka Maman Tracy ta leƙo."

Ya dubi rediyon. Yana kaɗawa a tafinsa daidai yadda ya saba kaɗawa. Ya murɗa ya kashe.

"Gyangyaɗi ne ya ɗan sace ni."

"Kana gyaɗa kai?"

"Haka nake gyangyaɗina."

Ta cire murfin kular ta kare bakinta da shi.

Ya ga maƙoshinta ya motsa. Ya ga kumatunta sun ɗaga sun sauka. Daga nan ba abin da ya gani sai murfin roba ja, da tururin miya yana gangarowa a jikinsa.

Ta sauke murfin.

"Me na ce?"

"Wasan yara kike so mu yi?"

"Me na ce, Baba?"

Ya dubi kular.

"Kin ce in ci kafin ya huce."

Vicky ta zauna daɓas a kan siminti, ba ta ko gyara zani ba.

"Cewa na yi ga maciji a ƙarƙashin ƙafarka."

Labulen ƙofa ya motsa. Baba Jethro ne ya shigo da sandarsa, abokinsa tun suna samari a masaƙa, layinsu ɗaya. Tun kafin ya gama shigowa bakinsa ke aiki.

"Wili, har yanzu wannan jakar? Na gaya maka in ka shiga Gana da ita a ka, a boda za su fara dukanka. Abeg a ara masa akwati, kada ya kunyata Kaduna..."

Ya tsaya. Ya dubi Vicky a ƙasa, ya dubi rediyon.

Sannan ya dubi abokinsa, leɓɓansa suka motsa ba tare da iska ta fito ba: *Ta gane?*

*Ta gane,* Baba Wilfred ya mayar masa haka nan.

To, ku yaran yanzu ba ku san wannan ba. A ɗakin saƙa, in injuna suka tashi, ko ihu ka yi a kunnen mutum ba zai ji ba. Don haka masaƙa ba sa magana da murya, da baki suke yi. Daga wannan bango zuwa wancan mutum zai ba ka labarin abin da matarsa ta dafa jiya, ka fahimta tsaf. A gaban shugaban aiki ake zaginsa yana tsaye yana gyara biro. Baba Wilfred da baki ya nemi marigayiya Naomi aure, ta tsakanin zare, ita ma da baki ta ce sai ta yi shawara. Injunan sun daina tashi tuntuni, ginin ma ciyawa ta cinye shi. Amma sun tafi da kunnuwan mutane da yawa, sun bar musu idanu.

Vicky ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Kai ma ka sani, Baba Jethro?"

"Ni kunnena ɗaya ya tsira, 'yata. Nasa duka biyun ne."

"Tun yaushe?"

"A hankali abin yake zuwa," in ji Baba Wilfred. "Tsuntsaye ne suka fara tafiya. Sai ruwan sama a kan kwano. Sai muryoyin mata. Na maza suka ɗan daɗe."

"Shi ya sa ba ka ɗaukar waya sai ta bidiyo."

"Ina son ganin fuska."

"Shi ya sa in Precious ta yi kuka ba ka juyowa. Ni kuwa na ce ba ka son jikarka."

Ya ajiye rediyon a gefen gado.

"Ba wani abin tashin hankali," in ji Jethro, yana neman wurin zama. "Mun gama shirinmu. Kujerar gaba aka ba shi. Za ta fito, fitila a fuskarta, shi kuwa ko daga ƙofar coci yana karanta bakin fasto. Ta yi waƙar ƙofa, ya amsa, a tafa, a rungume juna, ku dawo mana da tsarabar gari. Wa zai sani?"

Waƙar ƙofa ba ta kowa ba ce, ta gidansu ce, tun daga kakan Baba Wilfred. In ɗan gida ya daɗe a tafiya, ba ya faɗowa ciki kai tsaye. Yakan tsaya a waje ya rera tambaya, mai gida ya rera amsa daga ciki. Ba a haddace ta. Abin da ke ran mai dawowa shi yake tambaya, mai gida kuma dole ya amsa abin da aka tambaye shi. In aka yi shiru a ciki, mai tafiya ya juya ke nan. Da ita Hadassah ta ce za ta rufe wasanta a Accra, ubanta ya amsa mata daga cikin jama'a.

Vicky ta girgiza kai.

"Ba fitila."

"Kamar yaya ba fitila?"

"Jiya ta gaya mini, ta ce kada in faɗa maka, so take ta ba ka mamaki. In an zo waƙar ƙofa za a kashe duk fitilun ɗakin. Ba a kan dandamali za ta tsaya ba. Za ta zaga ta baya, ta tsaya a ƙofar shigowa, a bayan mutane. Daga can za ta kira. Kai za a miƙa wa makirufo a cikin duhu."

Jethro ya lalubi kujera ya zauna.

Baba Wilfred ya ci gaba da kallon bakinta ko akwai saura. Babu.

"Ta ce haka ya faru a wancan karon," in ji Vicky. "Tana waje, kana ciki, ba ta ganin fuskarka. Ta ce haka take so a sake shi, amma wannan karon ka amsa."

Kowa a gidan hayar nan ya san wancan karon. Bayan rigimar da suka yi kan ta bar makaranta ta bi makaɗan otal, bayan an binne uwarta ba ta nan, Hadassah ta dawo wata rana da jakarta. Ta tsaya a bakin wannan ƙofa ta rera. Mata suka bar wanki suka tsaya. Ta rera, ta sake rerawa, har muryarta ta dishe. Labule bai motsa ba. Ta ɗauki jakarta ta juya.

"Baba," Vicky ta matso ta dafa gwiwarsa don ya dube ta. "Ran nan. Ran da ta tsaya a nan."

Ya kau da kai. In ya kau da kai ba wanda zai iya yi masa magana, wannan ce kaɗai moriyar abin. Ta miƙe ta zagayo ta tsaya inda idonsa yake.

"Ka ji ta?"

"Ina gyaran takalmi. Na ba ƙofa baya."

"Ka ji ta?"

"Sai da yamma Maman Tracy ta tare ni a famfo ta ce, Baba, zuciyarka dutse ce. Na ce me na yi? Ta ce 'yarka. Na bi ta tasha da takalmi ɗaya. Motar ta tashi."

"Yesu."

"Gadi nake yi lokacin," ya ce. "Wa zai ɗauki kurma gadi? In aka ce mugu ne, mugu na cin abinci. Na ce bari in sami lambarta tukuna. Da na samu, ta riga ta yi waƙa a kai. Ta yi wata. Aka fara sa su a rediyo. Duk wanda ya san ta, da waƙar uban da ya ƙi buɗe ƙofa ya san ta."

"Sai ka bar ta a haka?"

"In ce mata me? In ce kukan da kika yi shekara da shekaru, kuskuren takalmi ne?"

"Ka gaya mata yanzu. Yau. Ni zan kira ta."

"A'a."

"Baba, za ka tsaya a cikin duhu da makirufo a hannu, ɗaki cike da mutane..."

"Duk waƙar da ta turo," ya katse ta, "nakan kira ta in ce ta yi daɗi. Na ce mata muryarta ta koma irin ta uwarta. Ta yi kuka ran nan, ta ce ba wanda ya taɓa faɗa mata abin da ya kai wannan. Vicky, muryarta ta ƙarshe da na ji, tana aji biyu a sakandare, tana roƙona kuɗin littafi. Ban san yadda take waƙa ba. Ba zan taɓa sani ba. In je in ce mata wannan ma ƙarya ce?"

Vicky ta share fuska da gefen zani.

"To me za ka je yi a Accra?"

"In gan ta tana yi."

Jethro ya buga sandarsa a ƙasa. Baba Wilfred ya ji bugun a tafin ƙafa, ya juyo.

"Ni zan je," in ji Jethro. "In zauna kusa da kai da 'yar tocila, in haska bakina."

"Ba ka da fasfo," in ji Baba Wilfred.

"To in koya wa Vicky."

"A mako ɗaya? Kai da ka shekara kana cewa shinkafa ana ganin kamar ka ce sabulu?"

"Haƙorana ne lokacin. Yanzu da babu su ai sarari ya samu."

Ba wanda ya yi dariya.

"Ki yi mini alkawari," Baba Wilfred ya ce wa Vicky. "Ba daga bakinki ba. Ko Derrick."

"Baba..."

"Ki yi."

Ta sunkuyar da kai. Ya ɗago haɓarta da yatsa don ya gani.

"Na yi."

Sai ya ga su biyun sun juya lokaci ɗaya suna kallon jakar hannunta. Ta ciro wayar. Ta nuna masa fuskar: *Anti Hadassah*. Ba ta bidiyo ba ce.

"Kada ki ɗauka."

"Ta san ina nan. Ni na ce mata zan kawo maka abinci."

Ta ɗauka. Ya bi bakinta: *E, Anti... yana nan... bidiyo fa?... to... to.* Ta rufe wayar da tafi ta dube shi, idanunta sun firfito.

"Suna wurin gwaji da makaɗa. Ta ce ba ta son bidiyo, so take ta ji yadda zai kasance ba ta ganinka. Yanzu take so ku gwada waƙar ƙofa."

"Ki ce na fita."

"Ta ji muryarka."

Jethro ya jawo kujerarsa har gwiwarsu ta haɗu. Ya juya kunnensa mai kyau wajen wayar, ya gyara zama ta yadda hasken taga zai sauka a fuskarsa. Ya lashi leɓe.

*Kamar da,* ya ce ba murya. *Dube ni kawai.*

Vicky ta danna lasifika ta ɗora wayar a tafin Baba Wilfred.

Wayar ta fara kaɗawa. Wani siririn motsi, kamar ƙwaro a cikin hannu. Wannan ce muryar da ake biyan kuɗi a ji. Ya ɗan matse ta.

Leɓɓan Jethro suka buɗe a hankali, tsaf, irin na ɗakin saƙa:

*Masu gida, ko kuna ciki?*

Baba Wilfred ya dafa maƙoshinsa da ɗaya hannun, don ta nan yake sanin inda muryarsa take. Ya rera.

"Muna ciki, mai tafiya, muna ciki."

Vicky ta gyaɗa kai da sauri. Ya faɗa daidai.

Ƙwaron ya sake motsi, ya daɗe wannan karon.

*Na bar uwata a kan tabarma. Wa ya riƙe hannunta?*

Ya sake rerawa.

"Ni na riƙe, mai tafiya. Da sunanki ta yi barci."

Wayar ta yi tsit. Ta daɗe. Har ya ɗago ya dubi Vicky, ta nuna masa da yatsa cewa kuka ake yi a can. Wani abu ya buɗe a ƙirjinsa. Ya ce a ransa ashe zai yiwu. Ashe da tocila da mako ɗaya, mai yiwuwa ne.

Motsin ya dawo. A hankali, ƙasa-ƙasa, har sai da ya ƙara matse wayar kafin ya tabbatar.

Ya dubi Jethro.

Bakin Jethro ya buɗe. Leɓen ƙasa ya yi rawa. Ya sake buɗewa, ya karkace gefe ɗaya, haɓarsa ta tattare. Tsohon kuka yake yi. Shi da yake da kunne ya ji abin da ta rera da yadda ta rera shi, bakinsa ya ƙi yi masa biyayya. Yana ta ƙoƙari, hawaye na shiga ciki, abin da ke fitowa ba harafi ba ne.

*Sake,* Baba Wilfred ya ce masa da baki. *Jethro. Sake.*

Ya sake. Ya fi na farko lalacewa.

Ya juya wajen Vicky. Ta durƙuso gabansa tana wage baki, tana jan kowace kalma har kunne, irin na wanda bai taɓa yi ba. Duk abin ya wargaje. Kalma biyu ce, ko uku. Ta nuna ƙofa. Ta nuna ƙirjinta. Ta sake nuna ƙofa.

In tafi? In dawo? Kana fushi? Ka yafe?

In ya ce e, alhali ta tambayi ko ya tsane ta fa? In ya ce a'a, alhali ta tambayi ko har yanzu ita 'yarsa ce?

Wayar ta sake kaɗawa, motsi iri ɗaya da na ɗazu. Maimaitawa take yi.

Hannunsa na kan maƙoshi. Bakinsa a buɗe. Ba abin da ya fito.

Ta sake kaɗawa, gajere.

Sai ta daina.

Bai san tsawon shirun ba. Ya ga Vicky ta miƙo hannu za ta karɓi wayar, bakinta ya fara *Anti, ki tsaya...* ya damƙe wuyan hannunta. Ta dube shi. Ta rufe baki.

Gilashin wayar ya yi haske. Hadassah ce ta juya kiran zuwa bidiyo.

Ga ta. Goshin uwarta, gashi a ɗaure sama, makirufo rataye a hannu. A bayanta mai ganga ya ɗora sandunansa a cinya, mai jita na kallon ƙasa. Idanunta sun yi ja amma ba ta kuka yanzu. Hasken wurin na kan fuskarta sosai. Bai taɓa samun bakin da ya fi wannan sauƙin karantawa ba.

"Cewa na yi in shigo, Baba."

Ta jira.

"Ko a gwaji ma ba ka iya cewa e ba."

Ta ɗan yi murmushi, irin wanda gara a ce ba a yi shi ba.

"Na gode da ba a gaban mutane ba ne. Vicky, ki zazzage masa jakar."

Jethro ya kama gwiwar abokinsa yana girgizawa. Vicky na ƙoƙarin ƙwace hannunta. Baba Wilfred ya ji maƙoshinsa ya motsa a ƙarƙashin yatsunsa, kalmar na nan, ta taso har bakin harshe.

A cikin gilashin, babban yatsan Hadassah ya ɗago, yana tahowa zai katse kiran.